Ƙwayoyin Liman a Kwanon Ciyayya

An soke zagayen farko na gwajin wani maganin ciwon gwiwa da aka gudanar a ƙasar Gwarzo da Kabo, bayan an gano cewa dattawan da aka raba wa ƙwayoyin suna zuba su a kwano ɗaya suna sha tare. Wanda ya ba da fatawar yin haka shi ne Malam Haladu, limamin wani ƙaramin masallaci a Kutama, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa buƙatar maganin ya yi aiki.

Abin ya faru ne a shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano. Shekara ce ta matsi. Taki ya gagari manomi, man fetur sai a galan a bakin titi, asibiti kuwa in ka je sai a duba ka da kyau, a rubuta maka takarda, a nuna maka hanyar kemis.

Malam Haladu ya gaji limanci daga mahaifinsa, ya kuma gaji gwiwoyinsa. Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko sujadarsa ce ta ƙara tsawo, mamu suka ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru, har wasu suka fara yabonsa a kasuwar Gwarzo. Shi kuwa yana can ƙasa yana lallashin ƙafar dama ta yarda ta ɗaga shi. Wata rana a sallar la'asar ta ƙi yarda. Ya ƙarasa raka'o'in biyu na ƙarshe a zaune, jama'a na tsaye a bayansa suna satar kallon juna.

Zainulabidin, ɗan ƙanensa, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a birni ba, bai ce komai a masallaci ba. Sai da ya bi shi har zaure, ya durƙusa, ya yi gaisuwa ya ƙara, ya tambayi jiki, ya tambayi gona, sannan ya ce, "Baffa, a littafin da kai ka biya mini, mai iya tsayuwa ba ya bin limamin da ke zaune."

"Na san wurin," in ji Malam Haladu. "Kana kuka na biya maka shi."

A da, irin wannan magana sai ta kwanta a zaure. Amma a wannan shekara kowa ya zama mai neman hukunci, har mai sayar da rake yana tambayar matsayin ɓawon da ake zubarwa a hanya. Dattawan unguwa suka zauna, suka yi ta kewaye-kewaye don kunya, daga ƙarshe suka tsayar da magana: Malam ya ci gaba da limanci zuwa azumi, duk sallar da ƙafa ta ƙi, Zainulabidin ya shiga gaba. In azumi ya zo Malam ya iya jan asham a tsaye, shi ke nan. In bai iya ba, sai ya miƙa gaba ɗaya.

Ana cikin haka labarin gwajin ya iso. Wata likita ce mai suna Dakta Sa'ada ta zo daga wata jami'a da mutanenta, aka bi ta hannun hakimai da dagatai, aka auna masu ciwon gwiwa, aka zaɓi waɗanda suka dace, aka tara su a wata rumfa a Gwarzo. Mutane ba su manta da wani gwajin da aka taɓa yi a birni ba, wanda har yau ake ta magana a kansa, don haka Dakta Sa'ada ta ƙudura cewa ba za ta ɓoye musu ko ƙwayar zarra ba.

Ta ce maganin ya wuce mataki na farko, inda aka ba wasu mutane kaɗan masu lafiya don a ga ko yana cutarwa. Wannan shi ne mataki na biyu, inda za a ba masu ciwon kansu don a ga ko yana aiki. In ya nuna alama, sai a je mataki na uku da dubban mutane.

Wani dattijo mai jar hula ya ɗaga sandarsa. Mato ne, dillalin hatsi daga Gammo ta ƙasar Kabo, taubashin Malam Haladu. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"Likita, dakata. Wato ke kanki ba ki san ko yana aiki ba?"

"Ban sani ba, Baba. Shi ya kawo ni."

"Ikon Allah. Mun zo wajen likita, ashe likita ce ta zo wajenmu."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta zo kan maganar da ta fi nauyi. Rabinsu za su sami ƙwaya ta gaske, rabi kuma fanko, sitaci ne zalla aka dunƙule. Launi ɗaya, girma ɗaya, ɗaci ɗaya. Babu wanda zai san tasa, har ita. Ƙuri'a ce za a jefa a can birni.

"Ƙuri'a?" in ji Mato. "Ba caca ba ce kuwa? Kada 'yan Hisba su zo su kwashe mu da sandunanmu. Ga Liman nan a cikinmu, abin kunya."

"Ƙuri'a halal ce in ba a zuba dukiya ba," in ji Malam Haladu ba tare da ya dube shi ba. "Kai dai da mudunka mai lotsattsen gindi ya kamata ka ji tsoron Hisba."

Wani ya tambayi amfanin fankon. Dakta Sa'ada ta ce mutum in ya haɗiyi ƙwaya yana sa rai, wani lokaci sai ya ji sauƙi ko da babu komai a cikinta. Ciwon gwiwa kuma yana tafiya ya dawo don kansa. Sai an jera masu ta gaske da masu fanko an kwatanta, sannan za a san aikin magani daga aikin zuciya. Ta ƙara da cewa duk wanda ya ga dama ya fita, ko yau ko gobe, babu mai riƙe shi. Ta kuma ja kunne: kowa ya sha tasa, kada a ba kowa.

Malam Haladu ya karɓi kwalbarsa ya koma gida. Kullum da safe ya yi bisimilla ya haɗiya, ya zauna a kan buzu yana sauraron gwiwarsa kamar mai jiran labaran rediyo. Gwiwa ba ta ce komai ba.

A ƙofar gidansa ake ciyayya. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a kan tabarma, a gama da wannan a jawo wancan. Mai miyar nama da mai miyar kuka tsura duk hannu ɗaya suke sawa, kuma a shekarar da hatsi ya yi wuya, da haka ake rufa wa gidan da bai ɗora tukunya ba asiri. Yawancin dattawan wannan tabarma suna cikin gwajin.

Jalo maƙeri ne ya fara warkewa. Ya zo ciyayya babu sanda, ya zauna bai yi nishi ba, ya ba da labarin yadda ya hau rumbu da kansa ya ɗebo dawa, matarsa tana salati a ƙasa. Kusa da shi Ɗanladi ne, manomin da ciwon ya hana shi yin noman farko a kan lokaci har ciyawa ta fi gyaɗarsa tsawo. Shi babu abin da ya canja. Da aka gama cin abinci sai da mutum biyu suka kama shi ya miƙe.

Ba sai an faɗa ba, kowa ya gane yadda ƙuri'a ta faɗa.

Kashegari Jalo ya sa hannu a tuwon gidan Ɗanladi, ya kai loma baki, sai ya tsaya.

"Malam, ina da tambaya. Yau shekara nawa ina cin tuwon mutumin nan, yana cin nawa. Ranar da maƙerata ta ƙone, kwanon gidansa ne ya riƙe ni. Yanzu ni ina da magani a aljihu, shi yana haɗiyar sitaci. Wannan lomar ta halatta gare ni?"

"Ci tuwonka," in ji Ɗanladi. "Rabo ne."

"Ba kai na tambaya ba."

Malam Haladu ya ce zai duba. Ya duba kuwa. Ya kwana biyu yana juya maganar, ya kawo haƙƙin maƙwabtaka, ya kawo hanin mutum ya ƙoshi maƙwabcinsa na cikin yunwa. Ya tuna da jan kunnen likita, ya auna shi, ya ga ai abin da take tsoro shi ne ƙwaya ta faɗa hannun wanda ba a auna ba, su kuwa duk an auna su. A rana ta uku ya fito da kwanon sha mai murfi, ya ce kowa ya juye kwalbarsa a ciki. Ya sa yatsa ya juya, ya juya, sannan ya mayar wa kowa adadin da ya zuba. Da haka babu mai shan ta gaske zalla, babu mai shan fanko zalla.

"Allah ya ƙara wa Malam ilimi," in ji Jalo, ya ja tuwon Ɗanladi gabansa da zuciya ɗaya.

A cikin gida, Asibi matar Liman tana tankaɗe ta ji duk abin da aka yi, don katangar ba ta da tsawo.

"Malam, an ce ka yi adalci a waje."

"Gwargwadon iko."

"Ni dai na ga tun da ka fara shan taka ba ka daina nishi ba. Da kai ne ka hau rumbu, da fatawar nan ta fito?"

"Asibi, maganar ilimi ce."

"Ai na sani. Ilimin ne ya hango fanko a kwalbarka."

Ya nemi buta, duk da yana da alwala.

Ranar kasuwa Mato ya biyo ta Kutama, ya tarar da kwanon, ya ji bayani. Ya ce wannan dabara ta yi kyau da yawa a ce daga kan Haladu ta fito, lalle a wani wuri ya sato ta. Bai kwana ba sai da ya kai ta Gammo. Daga Gammo ta shiga ƙauyukan kusa, daga Kutama ta gangara Unguwar Tudu. Duk inda ake ciyayya aka sami kwano.

Sai kuma abin mamaki: gwiwar Malam Haladu ta fara sauraron magana. Ya tashi daga sujada ba tare da ya dafa ƙasa da hannu biyu ba. Ya ja azahar a tsaye, ya ja la'asar, ya ja lisha. Sujadarsa ta koma daidai da ta mutane, har wani ya yi gunagunin cewa Malam ya fara sauri. Zainulabidin ya koma sahun farko, yana faɗin amin da ƙarfi fiye da kowa. Ɗanladi ma ya ce da ɗan dama. Jalo ya ce shi dai ya ɗan ragu, amma ya yafe.

Da ranar awo ta zagayo aka sake taruwa a rumfar Gwarzo. Ana kiran mutum, a lanƙwasa masa ƙafa, a sa shi ya zauna ya tashi, a tambaye shi inda zafin ya kai. Dakta Sa'ada ta fito tana gyara tabarau, da alamar wani abu yana damunta.

"Iyayena, kun ba ni mamaki. Kusan kowa ya ce ya ji sauƙi, amma kaɗan-kaɗan. Babu wanda ya warke sarai, babu wanda ya ce babu canji. Kamar an auna muku da mudu."

"Ai aunawa aka yi," in ji Mato.

Malam Haladu ya yi gyaran murya. Mato bai ji ba, ko ya ji ya ƙi.

"Sai dai ki rubuta cewa na Gammo ya fi kyau. Mu a ƙwarya muke zubawa, a rufe da faifai, a girgiza sosai kamar ana kaɗa nono. Su Liman kuwa da yatsa suke juyawa, na ƙasa yana ƙasa, na sama yana sama. Aikin malamai."

"Me kuke zubawa a ƙwarya, Baba?"

"Ƙwayoyin mana."

Dakta Sa'ada ta cire tabarau. Ta jawo benci ta zauna. Ta tambayi tun yaushe, aka gaya mata. Ta tambayi ƙauyuka nawa, aka fara lissafo mata, ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Sannan ta tambayi wanda ya fara. Sanduna da yawa suka karkata wajen Malam Haladu.

"Baba Liman," in ji ta, "har da kai?"

"Daga ni ne, 'yar nan," in ji Malam Haladu. Ya gyara zama, ya yi mata bayani kamar yadda yake wa ɗalibai, da haƙƙin maƙwabci da komai. Ya ce mutanen da suke sa hannu a kwano ɗaya tun kafin a haife ta ba za su iya kallon juna ɗaya yana warkewa ɗaya yana rarrafe ba. Ya ce ko ƙwaya guda ba ta fita waje ba.

"Na ji, Baba. Mahaifina ma yana ciyayya, kuma da yana nan da shi za a girgiza ƙwaryar. Ni ce ban kawo a raina ba." Ta mayar da tabarau. "Amma ka duba. Ni an aiko ni in gano abu ɗaya: maganin nan yana aiki ko ba ya yi. Yanzu kowa ya sha rabi. Sauƙin da kuka ji, na magani ne? Na sa rai ne? Ko don an gama noma kun huta? Ban sani ba, kuma babu yadda zan sani. Kun yi wa tabarmarku adalci. Sauran masu gwiwa a ƙasar nan fa, me zan gaya musu?"

"Ki ce musu mun ji sauƙi."

"Za su ce da me?"



Aka karɓe kwalabe da kwanuka da ƙore. Dakta Sa'ada ta koma birni ta kai rahoto da bakinta. Sakamakon matan da ke cikin gwajin ne kaɗai ya tsira, don su kowace ta ƙulle kwalbarta a ƙasan adudu ba ta nuna wa ko 'yar'uwarta ba, sai dai yawansu bai kai a yanke hukunci da shi ba.

Da ta dawo, ta zo har ƙofar gidan Liman, aka shimfiɗa mata tabarma daban. Ta ce tun da an soke zagayen, an buɗe ƙuri'ar, duk mai son ya san abin da aka ba shi tun farko za ta gaya masa, a keɓe in ya fi so. Babu wanda ya so a keɓe.

Jalo ya fara. Ta ce fanko ne.

"Wa? Ni?"

"Kai, Baba."

"Sitaci ne ya hau da ni rumbu?"

"Kai ka hau da kanka."

"To wallahi a sake dubawa. Na ji shi yana bin jijiya, yana sauka har ɗan yatsa."

"Ashe guga aka yi maka daga ciki," in ji Mato, wanda ya taho tun daga Gammo don kada a yi babu shi. "Shi ya sa ka miƙe."

Ɗanladi ma fanko ne. Ya ce shi dama ya sani, ya kuma gode wa Jalo da ya raba sitacinsa da shi tsakani da Allah.

Malam Haladu ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "To ni fa?"

"Ta gaske ce, Baba Liman. Tun ranar farko."

Daga bayan katanga aka ji wani abu ya faɗi, kamar rariya, sannan aka ji dariyar mace ana ƙoƙarin danne ta da mayafi.

"Amma ban ji komai ba sai da aka haɗa," in ji shi.

"Wataƙila maganin yana ɗaukar lokaci, ka raba shi dab da zai fara. Wataƙila kuma ba ya aiki sam, gwiwar ce ta huta don kanta. Da ka bar kwalbarka yadda take, da yanzu ina da abin faɗa."

"Liman ya yi sadaka da gwiwarsa," in ji Mato. "Allah ya karɓa. Mu dai a Gammo ba mu sami ko ƙwaya daga ciki ba."

Dakta Sa'ada ta ce an amince a sake zagaye, amma da sharaɗi. Za a dakata sai abin da aka sha ya fita daga jiki. Za a jefa sabuwar ƙuri'a, wanda ya sami ta gaske a da yana iya samun fanko yanzu. Ba za a ƙara ba kowa kwalba ba, ma'aikaci ne zai riƙa kawowa yana ba mutum a hannu. Kuma ba za a gama ba sai bayan salla.

Malam Haladu ya lissafa a zuci. Azumi zai faɗo a tsakiyar zagayen. In ya shiga, zai tsaya gaban asham da ƙwayar da bai san cikinta ba. In bai shiga ba, babu ƙwayar ko kaɗan, sai abin da kemis ya ba shi, wanda ya daɗe da sanin iyakarsa.

Dare bai yi nisa ba ya shiga gida, Asibi ta ajiye masa ruwa.

"Malam, in ka shiga, wannan karon ka riƙe taka."

"An ce ma ba za a ba mu a hannu mu tafi da ita ba."

"Sun san ku ke nan."

Ya shiga. Ya kuma tsaya bayan sallar Juma'a ya janye fatawarsa a gaban jama'a, ya ce ijtihadi ne ya yi bai dace ba, kuma alƙawarin da aka ɗauka wa likita amana ce. Jalo ya tambaya ko tuwon da ya ci a tsakani yana nan a halal. Aka ce masa yana nan.

Lokacin dakatawar bai yi wa Malam daɗi ba. Gwiwa ta koma halinta, ko don an janye maganin, ko don sanyi ya fara shigowa da asuba, ko don ya san an janye. Ya tambayi Dakta Sa'ada wanne ne, ta ce tambayar da take yi ke nan tun damina. Ya kira Zainulabidin zaure.

"Za ka riƙe mini masu raka'a huɗu. Aro na ba ka, ba kyauta ba."

"To, Baffa."

"Kuma ka rage tsawon sura. Mutanen nan gwiwa gare su."

"Baffa, ai kai ka saba musu da doguwar sujada."

Malam Haladu ya dube shi, ya ga kansa a sunkuye yake, ladabi ko'ina. Ya sallame shi.

Da sabon zagaye ya fara, wani ma'aikacin lafiya mai furfura, Malam Hambali, shi aka ɗora wa Kutama. Ya gwada kiran dattawan zuwa ɗakin shan magani da safe, rabi suka ƙi zuwa, suka ce tafiyar ta fi ciwon. Sai ya koma kawo akwatinsa wurin ciyayya. Bayan magariba ya kira suna, ya ɗora ƙwaya a tafin mutum, ya miƙa masa moɗa, ya tsaya sai ya ga maƙogwaro ya motsa.

"Malam, a buɗe baki."

"Hambali, ni ne fa na raɗa wa 'ya'yanka suna."

"Na sani, Allah ya gafarta Malam. A ɗaga harshe."

Liman ya ɗaga harshe a gaban mamunsa. In an gama, Malam Hambali ya rufe akwati, ya zauna a kansa, ya wanke hannu, a jawo kwanon farko.

Jalo ya sake warkewa a makon farko, babu wanda ya kula shi. Ɗanladi ya ce ba zai ƙara faɗin komai ba sai an buɗe ƙuri'a. Mato ya aiko daga Gammo cewa shi ya gane tasa ta gaske ce, don ta fi ta da ɗaci, aka mayar masa da amsa cewa bakinsa ne.

Malam Haladu yana jan asuba da magariba a tsaye. Wata rana ƙafar ta ɗaga shi kamar ba ta taɓa ciwo ba, wata rana sai ya dafa. Ya gwada lisha sau ɗaya ya kai ƙarshe, ya gwada kuma ya ji a raka'a ta uku cewa gara kada ya sake. Zainulabidin ya kawo shawarar shi ya ja asham, Baffa ya yi shafa'i da wutiri. Malam ya ce a bari a ga wata tukuna.

Har yammacin da mutane suka fito bayan gari suna duban wata, dattawan unguwa ba su tsayar da wanda zai shiga gaba ba. Kuma babu wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar da Liman yake haɗiya, har da Dakta Sa'ada.